Rajistar Fayil da Saƙonnin Babbar Manhaja: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Gina Manhajar Kwamfuta

Wannan shafi na masu gina manhajar da ake girkawa a kwamfuta ne, ta Windows ce ko macOS ko Linux. Abu biyu ya ƙunsa: yadda za a yi fayil ya buɗe da manhajarka idan an danna shi, da yadda manhajar za ta ji saƙonnin da babbar manhaja, wato Windows ko macOS ko Linux ɗin kanta, ke aikowa, irin na kashewa da barci da canjin allo. A duka biyun ikon ba a hannunka yake ba. Babbar manhaja da mai kwamfutar ne ke yanke hukunci, kai naka shi ne ka gabatar da kanka, ka kasa kunne, ka amsa da sauri.

Na danna fayil sau biyu sai manhaja ta buɗe shi. Wa ya gaya wa kwamfutar wadda za ta kira?

Ba fayil ɗin ba ne, shi bai san komai ba. Babbar manhaja ce ke riƙe da kundin da ke cewa fayil iri kaza na manhaja kaza ne, kuma kowace da yadda take gane irin fayil. Windows wutsiyar suna take dubawa, wato .pdf ko .txt ɗin nan da ke bayan ɗigo. Ka canza wutsiyar, ta canza ra'ayi, ko da abin da ke ciki bai motsa ba. macOS ma tana duba wutsiyar, sai dai tana mayar da ita wani sunan iri da ake kira UTI, kamar public.jpeg, tsarin da ya zo da Mac OS X 10.4 a 2005. A da can Mac na maƙala wa kowane fayil lambobi biyu masu harufa huɗu-huɗu, ɗaya ta irinsa, ɗaya ta manhajar da ta ƙirƙire shi, har zuwa 10.6 a 2009 da aka daina kula ta biyun. Linux kuwa da nau'in MIME take aiki, irin su image/png, kuma tana iya leƙa farkon fayil ta gane shi ko babu wutsiya.

Saboda haka rajistar uku ce, ba ɗaya ba. Kayan haɗa fayil ɗin girkawa suna rage wahala, amma a ƙarƙashi aikin nan uku ne suke yi.

A Windows me zan rubuta a Registry, kuma a ina?

Registry shi ne kundin da Windows ke ajiye saitinta, kowane sashe nasa ana kiransa makulli. Mu ɗauka sunan manhajarka Zane, fayilolinta kuma suna ƙarewa da .zne. Abu biyu za ka ƙirƙira. Na farko ProgID, wato sunan da Windows za ta san irin fayil ɗin da shi, a ce Zane.Takarda.1. A ƙarƙashinsa ka sa DefaultIcon don ɗan hoton da zai bayyana a kan fayil, da shell\open\command mai ɗauke da umarnin buɗewa, inda %1 ke tsaye a madadin fayil ɗin da aka danna:

`"C:\Program Files\Zane\zane.exe" "%1"`

Na biyu shi ne makullin .zne kansa, wanda zai nuna wancan ProgID. Ka kuma sa sunan a OpenWithProgids domin manhajar ta fito a jerin da mutum ke gani in yana son zaɓar abin buɗewa da kansa.

Wurin rubutawar ne ake yawan tuntuɓe. HKEY_CLASSES_ROOT da kowa ya sani ba wuri ɗaya ba ne, haɗakar biyu ce: HKLM\Software\Classes na duk masu amfani da kwamfutar, da HKCU\Software\Classes na mutum ɗaya, kuma in sun saɓa na mutum ɗayan ne ke rinjaye. Ka rubuta kai tsaye a wanda ya dace da irin girkawarka. Wanda ya girka wa mutum ɗaya ba ya ma buƙatar izinin shugaban kwamfuta. In ka gama, ka kira SHChangeNotify da SHCNE_ASSOCCHANGED, in ba haka ba Explorer, mai nuna fayiloli a Windows, zai ci gaba da nuna tsohon hoto har mutum ya ɗauka girkawar ce ba ta yi ba. Mai amfani da MSIX, wani tsarin ƙunshin girkawa na Windows, ya huta da duk wannan: zai bayyana irin fayil ɗin a takardar bayanin ƙunshin, Windows ta yi rajistar, ta kuma share ta ranar cirewa.

Na rubuta komai daidai, amma har yanzu wata manhajar ce ke buɗe .pdf. Me ya rage?

Babu abin da ya rage, haka aka tsara. Tun daga Windows 8 zaɓin mai kwamfuta yana zaune a wani makulli mai suna UserChoice, an kuma kulle shi da wani hatimin lissafi da Windows kaɗai aka yarda ta samar. Duk abin da ka rubuta a Classes, wannan zaɓin ne ke sama da shi. In manhaja ta yi karambanin taɓa shi hatimin bai dace ba, Windows 10 da 11 kan watsar da canjin su koma ga nasu zaɓin na asali, sai mutum ya tashi ba taka ba, ba kuma wadda ya zaɓa da farko ba.

Akwai dalili. Shekaru aka yi manhajojin kallon bidiyo da burauza suna ƙwace wa juna fayiloli, kowace aka buɗe sai ta mayar da komai nata. Manhaja baƙuwa ce a kwamfutar mutum, baƙo kuwa ba ya raba ɗakuna a gidan da ya sauka. Hanyar da ta rage mai kyau ce: ka yi rajista a RegisteredApplications tare da makullin Capabilities mai jera nau'o'in da kake iya buɗewa, sannan ka sa maɓallin da zai buɗe ms-settings:defaultapps mutum ya zaɓa da hannunsa. Ka tambaye shi sau ɗaya. In ya ce a'a, ka riƙe amsar, kada ka riƙa tare shi da tambayar kullum safiya.

Wutsiyar da kai ka ƙirƙira, wadda ba wanda ya taɓa zaɓa mata komai, ba ta da wannan matsala.

A Mac manhajata tana buɗewa, amma babu sunan fayil a layin umarni. Ina ya shiga?

Bai taɓa biyowa ta nan ba. Finder, mai nuna fayiloli a Mac, ba ya miƙa fayil ta argv, wato jerin abin da ake miƙa wa manhaja a layin umarni. Saƙo yake aikawa, irin wanda ake kira Apple Event, bayan manhajar ta tashi, in kuma tana buɗe ne sai ya aika wa wadda ke gudana. Karɓar ta danganta da kayan ginin da kake amfani da su: a AppKit za ka karɓe shi a application:openURLs:, a Qt yana zuwa a matsayin QFileOpenEvent, a Electron sunansa open-file, a Java kuma akwai Desktop.setOpenFileHandler tun daga Java 9.

A nan gizo ke saƙar: saƙon na iya isowa kafin tagarka ta farko ta kammala. In ka jira manhajar ta gama shiri sannan ka fara sauraro, fayil ɗin farko ya riga ya wuce, mutum ya ga taga wayam. Alamar wannan cuta ita ce fayil yana buɗewa in manhajar na gudana, amma ba ya buɗewa in shi ya tayar da ita. Maganin shi ne ka fara sauraro tun a layukan farko, ka tara abin da ya zo a jerin jira, ka buɗe su idan taga ta shirya.

Rajistar kanta a Info.plist take, wato fayil ɗin bayanin da ke cikin manhajar, ƙarƙashin CFBundleDocumentTypes. Irin fayil ɗin da kai ka ƙirƙira ka bayyana shi a UTExportedTypeDeclarations, na wasu kuma a UTImportedTypeDeclarations. Ka faɗi gaskiya a LSHandlerRank: Owner ga naka, Alternate ga wanda kake iya buɗewa kawai. Idan kana gwaji kuma tsohon kwafi ne ke ta buɗewa, to Launch Services, sashen macOS mai riƙe da wannan rajista, ya ga kwafi da yawa a kwamfutar. Share tsofaffin, ko ka sake rajista da lsregister.

Linux fa, da teburanta barkatai?

Ya fi yadda ake tsoro sauƙi, domin teburan GNOME da KDE da Xfce, wato fuskokin Linux da mutum ke gani, duk ƙa'idojin freedesktop.org suke bi. Ka ajiye fayil ɗin XML mai bayyana nau'inka a /usr/share/mime/packages, ka gudanar da update-mime-database. A fayil ɗinka na .desktop, wanda ke gabatar da manhajarka ga teburin, ka sa layin MimeType da layin Exec, sannan update-desktop-database. A layin Exec, %f fayil ɗaya ne, %F fayiloli da yawa a kira ɗaya, %u da %U kuma adireshi ne. Zaɓin mutum yana cikin mimeapps.list a jakarsa ta .config. Umarnin xdg-mime default zai iya canza shi ba tare da wani hatimi ya hana ka ba, amma rashin kulle ba izini ba ne.

Wasu fayiloli suna buɗewa, wasu sai ta ce ba ta same su ba. Me ya bambanta su?

Duba sunayensu. Kusan kullum ɗayan uku ne. Ko dai akwai giɓi a sunan kuma ka manta alamomin zance a kan %1, sai "rahoton wata.zne" ya iso a matsayin abu biyu, rahoton daban, wata.zne daban. Ko akwai harafin da tsohon tsarin harufan Windows bai sani ba: fayil mai suna ƙididdiga.zne ko ɗalibai.zne, in ka karanta shi ta argv na main irin na da, ƙ da ɗ za su iya rikiɗewa su zama alamar tambaya, fayil mai wannan sunan kuwa babu shi. Yi amfani da wmain, ko GetCommandLineW tare da CommandLineToArgvW, ka riƙe sunan a UTF-16 har ka buɗe. Na uku tsawon hanya ne: tsohuwar iyakar harufa 260 tana nan, sai in an kunna dogayen hanyoyi a kwamfutar kuma manhajarka ta bayyana longPathAware, abin da ya samu tun Windows 10 sigar 1607.

Duk fayil ɗin da aka danna sai sabuwar manhaja ta tashi. Yaya zan sa su shiga taga ɗaya?

Mac ta ɗauke maka wannan. A Windows da Linux kai za ka gina shi. Tsarin ɗaya ne ko'ina: wadda ta fara tashi ta riƙe wani makulli da kwafi ɗaya kaɗai ke iya riƙewa, ta zauna sauraro, wadda ta biyo baya ta tarar an riƙe, ta miƙa wa ta farkon sunan fayil ta fita. A Windows makullin CreateMutex ne mai suna, miƙawar kuma ta bututu mai suna ko WM_COPYDATA. Qt na da QLocalServer, Electron na da requestSingleInstanceLock da saƙon second-instance, GTK kuma GApplication ke yi ta kan D-Bus.

Sai a kula da ƙananan abubuwan da ke ɓata shi. Kwafi na biyu ya mayar da hanyar fayil cikakkiya kafin ya miƙa, domin jakar da yake tsaye a ciki ba lallai ita ce ta na farko ba. Windows ba ta barin manhajar da ke baya ta tsallako gaba don ra'ayin kanta, don haka kwafi na biyu, wanda shi aka danna yanzu, ya kira AllowSetForegroundWindow ya ba na farko dama, in ba haka ba maɓallinta ne kawai zai riƙa ƙyafta a ƙasa. Sannan idan mutum ya zaɓi fayil 10 ya danna buɗe, Explorer zai tayar da kwafi 10 kusan lokaci guda, dukansu suna tsere. Wanda ya ci makullin wataƙila bai gama buɗe bututunsa ba, saboda haka sauran su ɗan jira su sake gwadawa maimakon su mutu da fayilolinsu. Af, in zaɓin ya haura fayil 15, Windows kan ɓoye umarnin buɗewar gaba ɗaya. Ba laifin manhajarka ba ne.

Ina son mahaɗin intanet irin zane://... ya buɗe manhajata. Daidai yake da rajistar fayil?

Rajistar kusan ɗaya ce: a Windows makulli mai ɗauke da URL Protocol, a Mac CFBundleURLTypes, a Linux x-scheme-handler. Haɗarin ne ba ɗaya ba. Fayil sai mutum ya sauke ya danna, mahaɗi kuwa kowane shafin intanet na iya jefo maka shi da duk abin da ya ga dama a ciki. A farkon 2018 an gano cewa manhajojin Electron a Windows da suka yi irin wannan rajista ana iya cusa musu ƙarin umarni ta cikin mahaɗi har a gudanar da abin da ba a so, kuma maganin gaggawa da aka bayar shi ne sa alamar -- a umarnin rajistar domin duk abin da ya biyo bayanta kada a ɗauke shi umarni. A 2022 kuma matsalar da aka yi wa laƙabi da Follina ta bi ta mahaɗin ms-msdt na Windows kanta.

Ka ɗauki duk abin da ya shigo ta nan a matsayin maganar wanda ba ka sani ba. Ka jera ayyukan da mahaɗi zai iya nema, ka ƙi sauran, kuma kada mahaɗi ya goge ko ya aika ko ya girka wani abu sai mutum ya gani ya amince.

In aka kashe kwamfuta, daƙiƙa nawa gare ni in adana aiki?

Kaɗan ƙwarai, wani lokaci ma babu. Windows takan fara aiko WM_QUERYENDSESSION, wato tambaya ce: za a iya kashewa? Ka amsa nan take, kada ka fara rufe komai, domin wata manhajar na iya hana kashewar. Daga baya WM_ENDSESSION ke zuwa da hukunci. A nan za ka adana, kuma da zarar ka dawo daga wannan saƙon ana iya yanke ka a kowane lokaci, don haka kada ka jira WM_CLOSE, ba lallai ya zo ba. Tun daga Vista kimanin daƙiƙa 5 ake ba ka kafin allon nan ya fito mai jera manhajojin da suka tare hanya, da maɓallin kashewa ko ta halin ƙaƙa. In da gaske kana tsakiyar abin da katse shi ɓarna ne, kamar rubuta faifai, ShutdownBlockReasonCreate zai nuna wa mutum dalilinka a allon, amma shi ke da ta cewa.

A Mac, applicationShouldTerminate na ba ka amsa uku: yanzu, a fasa, ko a ɗan jira. A Linux saƙon SIGTERM mai neman ka fita ke zuwa, in ba ka fita ba SIGKILL ya biyo, wanda ba a iya tarewa. Systemd, mai tayar da ayyuka da kashe su a Linux, bisa al'ada daƙiƙa 90 yake jira tsakaninsu. Cikin mai karɓar SIGTERM kada ka adana fayil kai tsaye, ayyuka ƙalilan ne ke da aminci a wurin. Ka ɗaga tuta ko ka rubuta harafi ɗaya a bututu, babban zagayen manhajar ya yi sauran.

Ra'ayina a nan mai tsauri ne: manhajar da ta dogara da waɗannan saƙonni don kada aikin mutum ya salwanta, an gina ta ba daidai ba. Batir ya mutu, ko mutum ya danne maɓallin wuta, ba saƙon da zai zo. Ka riƙa adana kwafin ko-ta-kwana lokaci-lokaci, ka rubuta a fayil na wucin gadi sannan ka sauya masa suna ya maye gurbin na ainihi, yadda ko an yanke ka a tsakiya tsohon na nan lafiya. Idan ka yi haka, lokacin kashewa abin da ya rage bai wuce na ƙiftawar ido ba. Kuma kada ka fito da akwatin "a adana?" a wannan lokaci, mutumin ya riga ya rufe murfi ya miƙe.

Bayan kwamfuta ta farka daga barci sai manhajata ta rikice. Me ke faruwa?

Ita a ganinta ba a yi komai ba, alhali an yi awa takwas. Haɗin da take da shi da sabar ya mutu, wataƙila ma an canza hanyar intanet, izinin shigarta ya ƙare, na'urar USB da take magana da ita an zare. Ka saurari farkawa: PBT_APMRESUMEAUTOMATIC cikin WM_POWERBROADCAST a Windows, didWakeNotification a Mac, da PrepareForSleep na logind (wani sashen systemd) a Linux, wanda ke zuwa da "gaskiya" kafin barci da "ƙarya" bayan farkawa. A Mac sai ka yi rajista a cibiyar sanarwa ta NSWorkspace, ba ta gama-gari ba, in ba haka ba shiru za ka ji.

Da an farka kada ka ruga sake haɗawa, intanet kan ɗauki ɗan lokaci kafin ta dawo. Ka gwada, ka jira, ka ƙara tazarar jira. Ka kuma san agogon da kake aunawa da shi: a Linux CLOCK_MONOTONIC ba ya ƙirga lokacin barci, CLOCK_BOOTTIME yana ƙirgawa. Kafin barci kuwa, kimanin daƙiƙa 2 Windows ke bayarwa, kuma tun Vista ba a neman izinin manhaja.

Zan iya hana ta barci har in gama aiki?

Barcin zaman banza, e: SetThreadExecutionState a Windows, IOPMAssertionCreateWithName a Mac, makullin hanawa na logind a Linux. Ka saki da zarar ka gama. Mutum na iya kama mai laifi da powercfg /requests ko pmset -g assertions, kuma sunan manhajarka zai gani.

Na yi ɓoyayyiyar taga don karɓar saƙonni, amma na kashewa da na canjin saiti ba sa zuwa.

Da alama tagar saƙo-zalla ka yi, mai HWND_MESSAGE. Irinta ba ta samun saƙonnin da ake watsa wa kowa. Yi taga ta sosai, kawai kada ka nuna ta. Ta nan WM_SETTINGCHANGE zai iso, wanda ke ɗauke da kalmar ImmersiveColorSet idan an koma launin duhu, haka ma WM_DISPLAYCHANGE idan an jona ko an zare allo. Na kulle allo kuwa sai ka nema da WTSRegisterSessionNotification. In an zare allo na biyu, ka duba ko wurin da ka adana wa tagarka yana nan, kada ta buɗe a allon da babu shi.

Ina sa ido kan fayil don in san an canza shi. Me ya sa sanarwar ke zuwa sau uku, daga baya ta ɗauke?

Sau ukun, domin adanawa ɗaya a idon mutum matakai ne da yawa a faifai: a share abin ciki, a rubuta, a sabunta lokaci. Ka tara sanarwar, ka jira ta lafa na ɗan lokaci, sannan ka karanta sau ɗaya. Ɗaukewar kuma daga dabarar nan ce ta sauya suna da aka ambata a sama: editoci da yawa sabon fayil suke ɗorawa a gurbin tsohon, kai kuwa tsohon kake gadi. Ka sa ido kan jakar, ka tace da suna.

Kowane tsari da halinsa. inotify na Linux, wanda ya shigo a 2005, ba ya shiga ƙananan jakunkuna da kansa, kuma yawan abin da za a sa wa ido yana da iyaka a max_user_watches. ReadDirectoryChangesW na Windows in ma'ajiyarsa ta cika sai ya zubar da abin da ya tara ya ce maka an yi ambaliya kawai, ma'ajiyar FileSystemWatcher ta .NET kuwa 8 KB ce in ba ka ƙara ba. FSEvents na Mac kan dunƙule canje-canje. Duk lokacin da aka ce maka an rasa wasu, ka sake karanta jakar daga farko.

Ranar da aka cire manhajata, me zan goge?

ProgID ɗinka, sunanka a OpenWithProgids, da rajistarka a RegisteredApplications. Makullin wutsiyar kansa ka bar shi, domin wataƙila wata manhajar ta karɓe shi bayanka, in ka goge ka karya mata. Shawarar Microsoft ma ita ce a bar shi ko da yana nuna ProgID ɗin da ya tafi, Windows ta san yadda za ta yi watsi da shi. Ka sake kiran SHChangeNotify. A Linux ka cire XML da .desktop ka sake gudanar da umarnin sabuntawa biyun nan, a Mac kuwa jefa manhajar a kwandon shara ya wadatar. Fayilolin .zne da mutum ya ƙirƙira nasa ne, kada ka taɓa ko ɗaya.